Sandunan da Yusha'u Ya Sa wa Barkonon Baba

Masu karatu, duk wadda ta taɓa son mutum mai gaskiya ta san abin da zan faɗa. Da daɗi, har ki riƙa yi wa ƙawaye yanga da shi, amma akwai ranar da za ki ji kamar ki shaƙe shi. Tawa ranar ta zo ne saura mako guda in kare firojet ɗina a makaranta, kuma wake ne ya jawo ta.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Safiya, a Unguwar Kanawa gidanmu yake. Babana shi ne Malam Ado mai wake, duk mai shiga kasuwar Kawo ya san rumfarsa. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min ko da faɗa zai yi min. Baba ba ya jefa ƙwayar maganin ƙwari a buhunsa kamar yadda wasu ke yi. Busasshen barkono yake sa a daka masa, a gauraya da toka, a cuɗe waken da shi kafin a ɗinke buhu. Haka ya ga mahaifinsa yana yi, kuma da wannan ya yi suna. Idan kina son ki makara, tsaya a rumfarsa ki tambaye shi me ya sa wakensa ke sa atishawa.

Da na kai shekarar ƙarshe a sashen nazarin amfanin gona, sai na ce bari in gwada hanyar tasa a ilmance. Ranar da na gaya masa, bakin Baba ya ƙi rufuwa. Ya share min lungu guda a sitonsa, ya ba ni buhuna. Wasu na sa musu barkono da toka, wasu ganyen dogon yaro, wasu na zuba su a buhun nan mai leda a ciki wanda iska ba ta shiga, wasu kuma na bar su haka nan ba komai. Duk mako sai in ɗebi mudu a kowane buhu, in baza a faranti, in ware masu huji, in shigar da adadin a Excel. Farin wake daban, ja daban, kowane mako da zanensa, har zanukan suka haura arba'in. A kusan dukkansu ginshiƙin barkono ya fi na buhunan da ba a sa wa komai ba gajarta, wato ɓarnar ƙwari ta fi ƙaranci. Baba ya sa na buga masa ɗaya, ya saka a leda, ya rataye a rumfa. Duk wanda ya zo awo sai ya nuna masa da yatsa ya ce jami'a ma ta shaida.

A wannan siton na haɗu da Yusha'u. Ya zo yi wa matar kawunsa awo, ya tarar da ni a durƙushe gaban faranti, idona jajir, ina atishawa ina ƙirga. Maimakon ya ce sannu, sai ya tambaye ni me ya sa nake rubutawa a takarda sannan in sake shigarwa a kwamfuta. Na ce a raina wannan wane irin shisshigi ne. To, shisshigin ne ya kawo mu yau. A Unguwar Rimi yake zaune gidan kawun nasa, yana yi wa wani kamfani aikin lissafi ta kwamfuta, daga ɗakinsa. Nan ne Baba ya kasa ganewa. A wurinsa, namijin da rana ba ta dukansa bai fita nema ba. Goggo Talatu, yayar Baba, ita kuwa kullum ta zo gidanmu sai ta lissafo min ƙannena 'yan uwa da suka riga ni ɗaki, ta ƙare da cewa ita dai ba ta ga abin da ake jira ba, in wannan ɗin ba ya da madafa a ba wani dama. Baba ya yanke magana ɗaya: in na gama makaranta, in ya ga kamun ludayin yaron, sai ya ce ya turo manyansa. Ka ga ke nan duk wani motsin Yusha'u a kan sikeli yake.

Ranar Litinin na kai wa Dakta Zainab aikin, ita ce malamar da ke duba firojet ɗina. Na sha atamfata mai ruwan ganye, na yafa mayafi ruwan madara, ina tafiya ina jin kaina. Ta riga ta ce min in sa wa kowane ginshiƙi 'yar sandar nan da ke tsayawa a kansa, mai kai sama da ƙasa kamar ƙusa mai kai biyu. Ni kuwa na shiga wurin da ake sa su, na danna zaɓin farko da na gani, suka fito ras, duk tsayinsu ɗaya. Har na yaba wa kaina yadda suka jeru.

Dakta ta buɗe shafi uku, ta zare tabarau.

"Safiya, buhunan naki duk uwa ɗaya uba ɗaya ne?"

"Ban gane ba, Dakta."

"Kowane ginshiƙi a nan matsakaicin buhuna da yawa ne, ko? To aikin sandar shi ne ta gaya mana ko buhunan sun yi baki ɗaya. In sakamakonsu ya yi kusa da juna, ta fito gajera. In wannan ya ce gabas wancan ya ce yamma, ta yi tsawo. Ke kin ɗauki tsayi ɗaya kin raba wa kowa kamar ankon biki. Ki koma, kowane ginshiƙi ki ba shi tasa."

Na dawo gida a keke napep, ban ma san mun wuce kwanar gidanmu ba sai da mai keken ya tambaye ni. Na zauna na fara da hannu. Ki danna zane, ki danna ginshiƙi, ki buɗe wurin sanduna, ki nuna masa layin da zai ɗauki na sama, ki sake nuna masa na ƙasa, sannan ki koma na gaba. Har aka kira magariba zane uku kacal na gama, kuma da na duba sai na ga a ɗayan na ba farin wake sandar jan wake. Na ɗauki waya na kira Yusha'u.

"Injiniya, na shiga uku."

"Subhanallah. Ƙwari sun cinye firojet ɗin?"

"Ba wasa nake ba. Zane arba'in da wani abu, kowanne sai na sa masa sanduna da hannu."

"Wa ya ce da hannu? Kin lissafa bambancin buhunan a gefe?"

"Yana nan, kowane shafi a layi ɗaya."

"To kin gama mai wuyar. Ki ci tuwo ki huta, ranki ya daɗe. Gobe bayan la'asar ina tafe, ki roƙa min izinin Umma."

Ya zo cikin wani yadi ruwan toka, ɗinkin tazarce, hularsa ta ɗan karkace kamar kullum. A zaurenmu muke zance, ƙofar waje a buɗe, ta cikin gida ma a buɗe, dokar Baba ke nan. Shi a kan benci, ni a kan tabarma, laftof ɗin a kan 'yar kujerar tsakar gida tsakaninmu. Umma ta aiko da zoɓo mai sanyi da gyaɗa soyayya. Na tura masa kwamfutar, ya turo min ita.

"Ke za ki rubuta. In an tambaye ki ranar difens, ranar da za ki kare aikin gaban malamai, ba ni za a kira ba."

Haka ya riƙa faɗa ina bugawa, da yatsu biyu, yana dariyar yadda nake neman haruffa. Ban taɓa sanin akwai wata ƙofa a bayan Excel da ake rubuta masa umarni ba. Ya ce in ɗauka aike nake ba wani wanda ba ya gajiya kuma ba ya da wayo ko kaɗan, sai abin da aka faɗa masa. Layin farko ya ce masa ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, duk zanen da ya tarar ya tsaya. Na biyu ya ce ya cire tsofaffin sandunan. Na uku, wanda ya fi tsawo, ya ce ya je layin da na lissafa bambancin buhuna, ya ɗauko na kowane ginshiƙi, ya kafa masa sama da ƙasa. Na ƙarshe ya ce ya wuce na gaba. Ya sa na adana kwafin aikin a gefe tukuna, wai ko ɗan aiken zai yi ɓarna. Karon farko ya tsaya a tsakiya saboda a wani shafin na matsar da layin gefe guda. Muka gyara.

"Yanzu danna," in ji shi.

Na yi bisimilla na danna. Allon ya yi ƙyaf-ƙyaf, kafin in ɗauki kofin zoɓo ya tsaya. Na buɗe shafin farko, ga sanduna, kowacce da nata tsayin. Na buɗe na goma, na buɗe na ƙarshe. Aikin da zai cinye min mako ya ƙare ban kai kofi baki ba. Na ɗago na kalle shi, yana ta ɓare gyaɗa kamar bai yi komai ba, kuma wallahi a wannan lokacin na ji ina son sa har ƙirjina ya yi min nauyi.

Sai na ga ya daina ɓarewa. Ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya ce in koma zanen makon ƙarshe.

Sandar buhu mai leda 'yar mitsitsiya ce, da ƙyar ake ganinta. Ta dogon yaro madaidaiciya. Ta barkono kuwa doguwa ce, ƙasanta ya kusa taɓa ƙasan zanen, samanta ya haura har ya shiga cikin tsawon sandar buhunan da ba a sa wa komai ba. Muka duba sauran makonnin, labarin ɗaya ne.

"Me wannan ke nufi?" na tambaya, duk da na riga na sani.

"A wasu buhunan barkono ya yi aiki sosai. A wasu kuma ƙwari sun ci kamar ba a sa komai ba. Da kika haɗa su kika raba, sai masu kyan suka rufa wa sauran asiri."

"Wato ba ya aiki."

"Ban ce ba. Zanen ma bai ce ba. Cewa ya yi da buhunan nan kaɗai ba za ki iya dafa Alƙur'ani a kansa ba. Ƙila yawan barkonon ne bai zo ɗaya ba, ƙila wasu buhunan sun fi kusa da bango mai laima. Wannan ma sakamako ne, Safiya, kuma mai kyau."

Ni ba sakamako nake gani ba. Takardar nan da ke lilo a rumfar Kawo nake gani, da yatsan Baba a kanta. Na rage murya don kada Umma ta ji daga tsakar gida.

"A wane layi ake faɗa masa tsawon?"

Ya nuna min na uku.

"In aka ce ya raba shi biyu fa? Ko uku?"

Ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. "Zai raba. Ai na gaya miki ba ya da wayo."

"To mu raba. Na barkono kawai."

"A'a, Safiya."

"Yusha'u, ka san abin da ke gabanmu. Baba zai tambayi wanda ya sa sandunan nan. Kana ganin in ya ji kai ne zai ce ka turo? Goggo ma jira take."

"Na sani."

"Ka sani, shi ne kake ce min a'a?"

"Akwai mai sayen buhu ta ajiye wa 'ya'yanta har damina saboda ta ga takardar nan. Kuma sunanki ne zai hau kan aikin, ba nawa ba. Ba zan iya ba."

Abin da na faɗa masa bayan nan, ina jin kunyar rubuta shi, amma na yi alkawarin ba zan ɓoye muku ba. Na ce dama shi kwamfutarsa ta fi masa kowa. Na ce mai son mutum da gaske ba ya tsayawa auna sanda. Bai rama ba. Ya shanye sauran zoɓonsa, ya leƙa ya yi wa Umma sallama da godiya, ya sa takalmansa ya tafi. Bayan sallar isha'i saƙonsa ya shigo.

"Kwamfutar taki ce, umarnin yana hannunki, kin san layin. Ni ba zan taɓa shi ba. In kin taɓa, ba wanda zai ji daga bakina. Ko me kika zaɓa, ina nan inda kika san ni."

Da ya zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Washegari da hantsi na buɗe laftof a ɗakinmu, na je layi na uku, na ce a raba biyu, na danna. Sandunan barkono suka tsuke, suka yi kyau, ba su taɓa kowa ba. Na zauna ina kallonsu, ina gaya wa kaina ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, ai barkonon yana aiki wani lokaci. Na fito shan ruwa na tarar da Umma a gindin mangwaro, da faifai a cinyarta, tana tsintar waken da za a dafa da rana. Daga buhun gida ne, irin na Baba, mai barkono. A gefenta akwai 'yar tasa ta kusa cika da masu huji.

"Umma, duk wannan daga ciki?"

"Wannan buhun bai yi sa'a ba," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Na watan jiya kuwa ko ɗaya ban cire ba. Haka abin yake tun da na zo gidan nan. Miƙo min murfin can in rufe, Babanku ya kusa dawowa cin abinci."

Na miƙa mata. Na tsaya ina kallon yadda ta rufe tasar ta tura ta ƙarƙashin kujera, cikin sabo, ba tare da tunani ba. Tausayinta ya kama ni, da na Baba, da nawa. Na koma ɗaki na goge abin da na ƙara, na sake dannawa, sandunan suka koma tsawonsu. Na rubuta wa Yusha'u: "Na raba, na mayar. Ka yafe min maganar jiya." Ya amso nan take: "Wace magana? Ni gyaɗa kawai na tuna."

Da a nan abin ya tsaya, da na ce alhamdu lillahi. Amma ranar Alhamis Baba ya dawo ya ce ledar takardarsa ta yage, rana ta cinye launin, in bugo masa sabuwa, wadda za a kai gaban malamai. Na bugo. Ya zauna a kan darduma bayan magariba, ya sa tabaransa mai ɗaurin zare, ya juya takardar.

"Uwata, waɗannan ƙusoshin fa? Da babu su."

Na durƙusa na yi masa bayani, ina in'ina, ina zagaye-zagaye. Baba ɗan kasuwa ne, tun ban kai rabi ba ya gane. Ya sa yatsa a kan sandar barkono, ya bi ta daga ƙasa har sama, a hankali.

"Wa ya sa su?"

Masu karatu, da na ce Dakta ce ta ce a sa, gaskiya ne. Da na ce ni na danna, gaskiya ne. Amma tsoro ya riga ni magana.

"Yusha'u ne ya tsara abin da ya sa su."

"To," in ji Baba. Ya naɗe takardar gida huɗu ya sa a aljihu. "Ki ce masa ina nemansa ranar Lahadi bayan la'asar."

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya yi tsit. Baba yana amsa gaisuwata, amma ba ya tsokanata. Umma ta ce ya sauke tsohuwar takardar daga rumfa. Goggo Talatu ta zo ranar Juma'a, ta ji labari, ta tafa hannu ta ce tun bai shigo ba ya fara rushe wa mutane sana'a, in ya shigo sai ya rushe katanga. Na shige ɗaki na yi kukana. Na gaya wa Yusha'u yadda na jefa sunansa gaba, ina jiran ya yi fushi, sai ya rubuto: "Ai ni na tsara ɗin. Wace hula kike ganin zan sa?"

Lahadi ta zo, wato yau, jajibirin difens ɗina. Ya zo cikin farar shadda, da hula zanna baƙa, kuma yau ta zauna daidai. Baba yana kan buzunsa a zaure. Na kai ruwa na ajiye, na fito, na maƙale a bayan labule.

"Uwata, shigo ki zauna. Ina ganin ƙafarki."

Na shigo na rakuɓe a bakin ƙofa, na ja mayafi na rufe rabin fuskata. Yusha'u yana durƙushe, ya ƙi hawa benci. Baba ya fito da takardar ya shimfiɗa a tsakaninsu.

"Kai ne ka ce barkonona ba ya aiki?"

"A'a, Baba. Buhunan ne ba su yi baki ɗaya ba. A wasu ya yi, a wasu bai yi ba."

"Tun ba a haifi ubanka ba ake sa barkono a wake."

"Haka ne, Baba."

"Kai ka taɓa ajiye ko tiya ɗaya har ta kai damina?"

"Ban taɓa ba."

Baba ya gyaɗa kai, kamar an biya shi wani abu. Ya sake duban takardar.

"Wannan abin naku, ana iya gajarta shi?"

"Ana iya."

"Da wuya?"

"Ba wuya. Ɗan abu kaɗan za a ƙara a layi ɗaya."

"Kuma ba mai ganewa."

"Da wuya a gane."

"To kai da kake neman abu a gidan nan, me ya hana ka?"

Na ga gumi a gefen hular Yusha'u.

"Baba, na yi tunanin hakan a hanyar komawa gida, ba zan ce ban yi ba. Amma in da wannan na fara shigowa gidanka, ban san a ina zan tsaya ba."

Baba ya kurɓi ruwa, ya ajiye kofin, sannan ya jefo wata tambayar.

"Ita fa? Ta nemi ka gajarta?"

In Yusha'u ya ce a'a, ya yi ƙaryar da ya ƙi yi tun farko. In ya ce e, ya kwance min zane a gaban ubana. Bai kalli inda nake ba ko sau ɗaya.

"Ka yi haƙuri, Baba. Abin da muka yi magana da ita amana ne."

"Ni nake tambayarka."

"Na sani, Baba. Ka yi haƙuri."

Na ga fuskar Baba ta ɗaure, na ga mutumin nan yana shirin rasa ni saboda ya rufa min asiri. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Na roƙe shi, Baba. Ya ƙi, har na gaya masa maganganu. Daga baya na gajarta da hannuna, na kuma mayar. Kuma ba shi ya ce a sa su ba, malamarmu ce. Ni na danna."

Baba ya juyo ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya dubi Yusha'u, wanda kansa ke ƙasa har yanzu. Ya ɗauki takardar ya naɗe ta yadda take.

"Tashi ka hau benci, ƙafarka za ta yi tsami," ya ce masa. "Kawun naka yana gari?"

"Yana nan, Baba."

"Ka ce masa ina gida ranar Asabar."

Yusha'u bai hau bencin ba. Ya ƙara sunkuyawa yana godiya, har Baba ya ce ya isa haka, ya je kada magariba ta riske shi a hanya. Ya fita da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Na yunƙura zan bi bayan labule in je in faɗa jikin Umma, Baba ya ce in zauna.

"Me ya sa, Uwata?"

"Na ji tsoron ranka zai ɓaci."

"Ya ɓaci," in ji shi. "Har yanzu a ɓace yake. Mutum ya tsufa yana faɗin abu a kasuwa, rana ɗaya a ce masa wataƙila. Ba daɗi." Ya shafa gemunsa. "Amma da kin kai musu na ƙarya saboda ni, da wane ido zan kalli uwata ranar da na same ta?"

Hawaye suka zubo min. Ya bar ni na yi mai isata. Can sai ya tambaya, kamar maganar farashi yake:

"Goben ƙarfe nawa ne?"

"Goma na safe."

"Ana barin na waje ya shiga?"

"Ana bari, a zauna a baya. Amma Baba, a gaban malamai da ɗalibai zan tsaya in nuna zanen nan a bango, ƙato. Zan ce ba a tabbatar ba. Za su yi min tambayoyi a kai, wasu ma ƙila su yi dariya."

"Na sani. In dai za a faɗa, gara in ji daga bakinki." Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗauki butarsa. "Ki ce wa Ummanki ta fito min da babbar rigata."

Yanzu haka da nake rubuto muku, Umma tana tsakar gida tana hura gawayin dutsen guga, rigar tana shimfiɗe a kan tabarma, shuɗiya mai aska, wadda ba ya sawa sai Idi. Gobe rumfar Malam Ado ba za ta buɗe da safe ba, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Zai zauna a kujerar baya, ni kuma in tsaya a gaba, kuma har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba.